Mun tara kayan tarihi cike da ɗaki, yanzu ta ina za mu fara?

Sakatare:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah ina neman shawarar waɗanda suka san harkar adana kayan tarihi don gaskiya abin ya fara fin ƙarfinmu. Wata bakwai kenan da muka kafa wata 'yar ƙungiya mu goma sha ɗaya, burinmu mu tattara tarihin yankinmu kafin ya gama salwanta, ni aka ba sakatare. Da muka yi shela wallahi ba mu zaci mutane za su amsa haka ba, sai ga kaya suna ta shigowa wani da jaka wani da kwali wani a ƙunshe a tsumma, tsofaffin hotuna, wasiƙu wasu da boko wasu da ajami, takardun filaye, rasit na haraji, rajistar tsohuwar firamare, jaridu, ga kaset-kaset sun fi sittin. Duk mun jibge su a wani ɗaki da aka ara mana.

Satin da ya wuce na ɗaga wani kwali sai gindinsa ya zube, ashe gara ta shiga ta ƙasa ta cinye kusan rabin rajistar makarantar nan, sunayen yaran farko da aka fara ɗauka duk sun zama ƙasa. Amma ba ma wannan ne ya hana ni barci ba. Akwai wani hoto, mutum goma sha biyu a tsaye gaban wani gini ɗaya yana riƙe da keke, dattijon da ya kawo shi ya ce min in zo gida in same shi zai faɗa min sunan kowa da abin da ya tara su ranar, ni kuma yau ne gobe ne, aiki ya sha min kai, har Allah Ya yi masa rasuwa sati shida da suka wuce. Yanzu hoton yana hannuna ban san ko mutum ɗaya a ciki ba.

Shugabanmu yana so a yi wa takardun laminatin gaba ɗaya, wasu sun ce a ɗauke su hoto da waya a zuba a gurup ɗin WhatsApp a mayar wa kowa kayansa a huta, kaset ɗin kuma ko rikodar da za mu saurare su ba mu da ita. Ta ina ake farawa dan Allah?

Hajiya Mai Laburare:

Wa alaikumus salam ɗana. Allah Ya jiƙan dattijon, Ya ba ku ladan wannan aiki. Na yi shekaru a sashen ajiyar takardu kafin in yi ritaya, don haka bari in fara da abin da ya fi gaggawa: ka je ka roƙi shugabanku kada a yi laminatin ɗin nan ko takarda ɗaya. Zafi da gam ne ake manne leda da su a jikin takardar, in ta shiga ta shiga kenan, ba ta fitowa sai da fatarta. Manyan ma'ajiyoyi a Amurka sun yi irin wannan tun wajajen 1930 suna ganin gata suke yi wa takardu, daga baya suka daina da suka ga robar tana lalacewa tana tafiya da abin da ke ciki. Haka salatif, kada ku liƙe yagaggiyar takarda da shi, bayan 'yan shekaru gam ɗin zai koma ruwan ƙasa ya huda rubutun. Fin da kilif da ƙusar sitefila a cire su a hankali saboda tsatsa, robar ɗauri ma a cire.

Gobe-goben nan ku ɗaga komai daga ƙasa, kan kanta ko tebur, kuma kada ya jingina da bango. In da hali kantar ƙarfe ta fi ta katako saboda gara. Ka ɗaga kai ka duba silin ɗin ɗakin ko akwai tabon yoyo, danshi shi ne babban abokin gaba, shi ke kawo fumfuna shi ke kiran asu da kyankyaso. Kwalin da gara ta shiga da duk abin da ka ji yana warin fumfuna a fitar da shi daban kada ya harbi sauran, a shanya a inuwa inda iska ke kaɗawa, ba a rana ba, in ya bushe a goge da buroshi mai laushi kana sanye da takunkumi. Jaridu a ware su su kaɗai don takardarsu tana da asid, duk farar takardar da ta kwana jikinsu za ka ga ta yi jajaja. Kuma kada a ƙulle takarda a baƙar leda, gumi take yi.

Sai babban abu, wanda da kun yi shi tun farko da hoton nan bai zame maka ciwo ba. Ku sayi babban littafi mai bango mai ƙarfi ya zama rajistar karɓar kaya. Duk abin da ya shigo a ba shi lamba, misali 2025/014, wato abu na goma sha huɗu da aka karɓa a shekarar, a rubuta wa ya kawo, ranar da ya kawo, na waye asali, a ina yake ajiye da, kyauta ne ko aro, da duk abin da mai shi ya faɗa a kai tun yana tsaye bai tafi ba. Lambar a sa ta a bayan abin da fensir mai laushi, can gefe, ban da biro.

Kuma na san abin da hannu zai so ya yi, a zazzage duk kwalayen a ce hotuna nan wasiƙu can. Kada ku yi. Kayan gida ɗaya su zauna tare yadda suka zo, har jerin da mai su ya yi musu. Wannan ƙa'ida tun 1841 aka kafa ta a Faransa kuma har yau a kanta masu ajiyar takardu suke, dalili kuwa wasiƙar da ke kwance kusa da hoto sau da yawa ita ce ke faɗa maka ko waye a hoton. In kun riga kun cakuɗa wasu, ku zauna yanzu tun kuna iya tunawa ku mayar da kowa gidansu.

Tsohon Ɗan Rediyo:

Hajiya duk abin da kika faɗa haka yake, amma ki yi min afuwa zan ɗan saɓa miki a kan abin da za a sa a gaba. Ɗaga kaya daga ƙasa aikin yini ɗaya ne, a yi shi ranar Asabar a wuce wurin. Takardar da ta yi shekara saba'in in an ɗora ta a kanta za ta ƙara wata shida tana jira. Tsoho ɗan shekara tamanin da biyar fa? Malam Sakatare kai da bakinka ka ba da amsar tambayarka.

Ku zauna ku goma sha ɗayan nan ku rubuta sunan duk wani dattijo da dattijuwa da kuka sani, ku jera su daga wanda ya fi tsufa ko ya fi rashin lafiya, ku raba su a tsakaninku, kowa ya ɗauki wayarsa ya tafi. Kada ku tsaya jiran sai kun sayi na'ura mai tsada, wayar hannunka ta isa in ka kashe layin don kada kira ya katse ka, ka ajiye ta kusa da bakin mai magana a kan wani abu mai laushi, a kashe fanka da rediyo, a nemi lokacin da yara ba sa gida. Kafin komai ka faɗi ranar da wurin da sunanka da sunansa a cikin rikodin ɗin, sannan ka tambaye shi ya yarda a naɗi muryarsa a ajiye mutane su ji, ya amsa da bakinsa a ciki.

Abin da ke ɓata irin hirar nan shi ne mai tambaya ya fi mai amsa surutu. In ka ce Baba ba mu tarihin garin nan, zai ba ka wanda kowa ya haddace, sunayen manya da yaƙe-yaƙe, minti goma ya gama. Amma ka tambaye shi ranar da aka fara kai shi makaranta waye ya riƙe hannunsa, ko a ina suke ɗebo ruwa suna yara, ko me ke wurin da tasha take yanzu, sai ka ga ya gyara zama. Na taɓa hira da wani tsohon maɗinki, na yi tambaya ya yi shiru har na ɗauka bai ji ba, na buɗe baki zan maimaita sai na ga yana murza yatsunsa kamar mai zare, na haƙura na yi shiru, can sai ya fara lissafo masu shaguna na layinsu ɗaya bayan ɗaya tun daga bakin titi har ƙarshe, da wanda ya fara rasuwa da wanda ya tashi. Da na katse shi da duk wannan ya tafi da shi. Kada ku wuce awa ɗaya ko ɗaya da rabi, tsoho yana gajiya, gara ka koma sau uku.

Kuma ku tafi da hotunan. Hoton mutum goma sha biyun nan ka yi kwafinsa babba ka riƙa yawo da shi gida-gida, wanda ya kawo shi ba shi kaɗai ya san su ba.

Sai maganar mata, wadda ƙungiyoyi irin taku suke yawan mantawa. A Amurka tsakanin 1936 da 1938 gwamnati ta tura marubuta suka yi hira da tsofaffin da aka haifa cikin bauta sama da 2,300, bautar da aka soke tun 1865, yau hirarrakin suna Laburaren Majalisar Dokokin ƙasar kuma da an ƙara shekara ashirin da kusan ba a samu kowa ba. Amma masana sun lura yawancin masu tambayar fararen fata ne, don haka tsofaffin da dama ba su saki jiki sun faɗi komai ba. Wanda ke tambaya yana canza abin da za a faɗa masa. In ƙungiyarku duk maza ne ku nemo mata biyu ko uku su shiga, akwai labarin da tsohuwa ba za ta taɓa ba ka ba amma za ta ba jikarta.

Ɗan Autan Kwamfuta:

Yaya Sakatare ni bari in yi magana a kan kaset da sikanin don nan ne na ɗan taɓa. Kaset ɗin nan su ma tsofaffi ne masu jiran kwana, kamfanin Philips ya fito da shi tun 1963 kuma matsalar yanzu ba zaren kaɗai ba ce, rikoda mai kyau da kayan gyaranta su ne ke ɓacewa, har UNESCO ta yi gargaɗi a kan haka a 2019. Abu na farko ka duba saman kowane kaset akwai 'yan ƙananan marafai biyu a gefe, ka ɓalle su, in babu su ko wani ya danna jan maɓalli bisa kuskure ba zai goge abin da ke ciki ba. Kada ku samo wata tsohuwar rikoda ku zura kaset mai muhimmanci kai tsaye, ku fara gwada ta da wanda ba ku damu da shi ba don wata tana cin zare, a goge kan rikodar da ke karanta zaren da auduga da sifirit, sannan ka zura biro a ramin kaset ɗin ka juya a hankali ka ji ko zaren yana tafiya ko ya manne. Wanda ka ga farin fumfuna a jikin zarensa ajiye shi gefe sai an samu wanda ya iya. Kwafewa kuma ba gajeriyar hanya, kaset na minti casa'in minti casa'in zai ci, ana jona rikodar da kwamfuta a naɗa da manhajar Audacity wadda kyauta ce, a ajiye a tsarin WAV da ba ya matse sauti, sai a yi MP3 mara nauyi daga ciki don rabawa. A ɗauki hoton rubutun jikin kaset ɗin da na kwalinsa. Bayan an kwafe kada a yar da shi, a jera su a tsaye nesa da lasifika da zafi.

Maganar gurup ɗin WhatsApp kuma a'a wallahi. Yana matse hoto ya rage masa ƙarfi, fuskar da ke can baya in ka zuƙo ta sai ka ga ta dagule, kuma ranar da waya ta faɗa ruwa ko aka canza ta shi kenan. Ku yi sikanin takardu a 300 dpi, wato yawan ɗigo a kowane inci, hotuna a 600, ku ajiye na asali a tsarin TIFF da ba ya rage wa hoto ƙarfi, kada kowa ya taɓa shi, kuma gaba da baya, don bayan hoto wani lokaci akwai hatimin mai hoton ko kwanan wata. Littafi mai ɗinki kamar rajistar nan kada a danne shi a sikana zai ɓalle, a buɗe shi a tebur kusa da taga a ɗauka da kyamara daga sama ba filasha. Sunan fayil ya fara da lambar da Hajiya ta ce, in ba haka ba nan da shekara za ku sami hotuna dubu uku duk sunansu IMG da lamba.

Kwafi uku, a ma'ajiya iri biyu, ɗaya a wani gini daban. Misali ɗaya a kwamfutar ƙungiya, ɗaya a ma'ajiyar waje da ake jonawa wadda za ta kwana gidan wani mamba, ɗaya a intanet. Filash da memori na ɗaukar kaya ne daga nan zuwa can, ba na ajiyar shekaru ba ne. Gidan tarihin ƙasar Birazil da ke Riyo ya ƙone a daren 2 ga Satumba 2018 da kaya kusan miliyan 20 a ciki, har da muryoyin harsunan 'yan asalin ƙasar da wasu ba mai jin su yanzu. Kuma fasuwod ɗin kada ya zama mutum ɗaya ne ya san shi.

Sakatare:

Na gode ƙwarai iyayena da ƙanena, Allah Ya saka. Na tura wa shugaba maganar laminatin ya ce an fasa. Amma ga wata kuma, a 'yar hirar da muka fara a baya gida biyu kowanne ya ce kakansa ne ya fara zama a yankin, kuma yanzu kowa jira yake ya ga wanne za mu rubuta, har wani ya ce in muka rubuta na wancan zai zo ya kwashe kayan gidansu. Ya ake yi da irin wannan?

Malamin Tarihi:

Malam Sakatare, ku rubuta duka biyun, kowanne da sunan wanda ya faɗa da ranar da ya faɗa, kuma ku gaya musu tun yanzu cewa ku ba alƙalai ba ne, ma'ajiya ce ku. Ranar da ƙungiyarku ta fitar da takarda ta ce wane ne na farko, ranar kuka rasa rabin mutanen da za su buɗe muku ƙofa.

Tambaya ɗaya nake so ku riƙa yi wa kowa: wa ya faɗa maka? Da idonka ka gani, ko mahaifinka ne ya ba ka, shi kuma daga wa ya ji? Wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, abin da malaman hadisi ke yi da isnadi kenan. Jan Vansina, ɗan ƙasar Beljiyam da ya yi aiki a cikin mutanen Kuba a Kwango, tun 1961 ya nuna wa masana cewa tarihin baka hujja ce in an bi silsilarsa an gwada ruwaya da ruwaya. Sau da yawa in ka bi a hankali sai ka tarar ba ƙarya kowa yake ba, ɗaya yana maganar wanda ya fara sauka ne ɗaya yana maganar wanda aka fara naɗawa, ko kuma wurin ya taɓa tashi ya sake zama. Kuma kada ku matsa wa tsoho sai ya ba ku shekara da lamba, zai ba ku don ya faranta muku ne kawai. Ku tambaye shi kafin wane abu ne ko bayan wane abu, shekarar fari ce ko ta ambaliya, waye ke mulki, shi yana da aure ko bai yi ba, lissafin ku yi shi daga baya ku rubuta cewa ƙiyasi ne.

Wani abin kuma a kula, cikin takardun filaye da wasiƙun nan akwai abin da zai iya tayar da rigimar gado ko ya tona asirin wanda jikokinsa ke raye. Ba duk abin da aka adana ake bazawa ba. Mai abu yana da damar ya ce a ajiye amma kada a buɗe sai bayan ransa ko bayan shekara kaza, ku rubuta sharaɗin a rajista ku riƙe amana.

Hajiya Mai Laburare:

Malam na yarda da kai, kuma Alhaji na rediyo na karɓi gyaranka, a fara da dattawa, amma rajistar nan dai a buɗe ta a satin nan don ita ma hirar lamba za a ba ta.

Ɗana, wanda ya ce zai kwashe kayansa kada ku yi jayayya da shi. Ku roƙe shi kwana biyu ku yi sikanin, ku mayar masa da abinsa a cikin fayil mai tsabta fiye da yadda ya kawo, ku haɗa masa da kwafi. Wallahi irin waɗannan su ne ke dawowa da wani kwalin. Ba dole sai komai ya kwana a ɗakinku ba, balle ɗakin aro da gara ta riga ta san hanyarsa. Rubuce-rubucen Timbuktu ɗaruruwan shekaru a hannun iyalai suka rayu, kuma da masu bindiga suka kama garin a 2012 su Abdel Kader Haidara, wani mai laburare na garin, da iyalan ne suka fitar da mafi yawansu a akwatunan ƙarfe zuwa Bamako, kafin a ƙona kusan 4,000 a cibiyar adana rubuce-rubuce ta Ahmed Baba da ke garin a Janairun 2013. Da suka isa Bamako kuma danshin can ya zama sabuwar barazana, ka ga maganar da na fara da ita. Shirin ceto ma'ajiyoyi na Laburaren Birtaniya da aka fara a 2004 ma a kan haka yake tafiya, ana ba da tallafi a ɗauki hoton takardu amma na asali ba ya barin ƙasarsa.

Ku yi 'yar takarda shafi ɗaya, kwafi biyu, mai kaya ya sa hannu ku sa hannu: kyauta ce ko aro, in aro ne zuwa yaushe, an yarda a nuna wa jama'a ko a'a. Kuma ku rubuta a tsarin mulkin ƙungiyarku inda kayan za su koma in wata rana ƙungiyar ta watse, jami'a ko ma'ajiyar gwamnati mafi kusa, ku je ku gaishe su tun yanzu su san da ku.

Sakatare:

Jama'a na dawo da bayani. Ranar Asabar mun kwashe komai mun ɗora a kan tebura, mun sami kwali biyu da fumfuna mun ware, littafin rajista ya kai lamba 41 kuma akwai jaka uku da har yanzu muna gardamar waye ya kawo su. Jerin dattawa ya kama mutum ashirin da uku, mata tara, ƙanwar ma'ajinmu da wata malamar makaranta sun yarda su ɗauki ɓangaren matan.

Jiya da yamma na kai kwafin hoton wurin matar marigayin. Ta sa aka miƙo mata tabarau ta daɗe tana kallo ba ta ce komai ba, na tuna maganar Alhaji na ja bakina na yi shiru. Can ta ɗora yatsa a kan mai keken ta ce wannan yayan mijinta ne, keken ma ba nasa ba ne aro ya yi don hoton. Ta gane mutum huɗu, na biyar ta ce fuskar ta sani sunan ya ɓace mata amma 'yarsa tana nan da rai, ta kwatanta min gidan. Gobe in Allah Ya kai mu can zan fara zuwa. Ɗan Auta dan Allah turo min sunan igiyar da ake jona rikoda da kwamfuta, an ce akwai mai gyaran rediyo da ke da rikoda mai aiki.